Malami Da Littafin Kwanakinsa

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai, malamanmu kuma su saurara, in sun ga karkata su miƙe ta. Maganar a kan wani ƙaramin abu ce wanda ba a jarraba mu a kansa, ba a kuma ba da lambar yabo dominsa, watau littafin da mutum zai raba wa kansa kwanakinsa da ayyukansa a ciki.

A nan Kwaleji ba mu san muna bukatarsa ba, gama ƙararrawa ta ɗauke mana wannan nauyi. Ita ke tashe mu, ita ke kai mu aji, ita ke kiranmu ga akushi, ita ke kashe mana fitila. Ko wanda ya fi kowa kasala a cikinmu, in ka hange shi daga nesa sai ka ce mutum ne mai tsari, alhali kuwa tsarin na ƙararrawa ne, shi aro ya yi. To, ran da aka miƙa wa ko wannenmu takardarsa, aka ce kai ka nufi gari kaza, kai kuma gari kaza, ƙararrawar nan ba za ta bi kowa ba. Can ma akwai wata, amma ta yara ce, watakila ma kai ne za ka sa a buga ta. Daga tashin makaranta har wayewar gari ba mai ce maka ka duba littattafan yara, ba mai ce maka ka shirya darasin gobe. Saboda haka ni ra'ayina, kada ɗayanmu ya fita ƙofar Kwalejin nan sai ya iya zana wa kansa littafin kwanaki da hannunsa, ya kuma saba da shi har ya zame masa jiki. Na ce ya zana da hannunsa, ban ce ya saya ba, zan kuwa faɗi dalili.

Bari in kawo misali da ƙasarmu, don ita na fi sani. Bafarawa tana cikin ƙasar Isa, gabas da Sakkwato, a yankin nan na Gobir da ya yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Malamin da aka kai can, ko Isa, ko Sabon Birni, ko wani ƙauye na bakin gulbi, zai tarar mutane ba da ƙidaya ɗaya su ke zaune ba. Ƙidayarsu huɗu ce, ko wace kuwa tana da hannu a cikin ajinsa, ko ya so ko ya ƙi.

Ta farko ita ce wadda ya zo da ita cikin akwatinsa, ta watannin boko, mai kwana 365, wadda shekarar makaranta ke farawa a cikinta da Satumba, a raba ta zango uku. Wannan kowa ya san ta, ba sai na tsaya a kanta ba.

Ta biyu ta ganin wata ce, wadda azumi da salloli da Mauludi ke bi. Shekararta kwana 354 ce ko da ɗaya, watau ta gaza ta boko da wajen kwana 11. Kwana goma sha ɗayan nan ba su da yawa a baki, amma ku dubi aikinsu. A 2010 azumi ya kama cikin Agusta, ana tsakiyar damina. A 2015 ya kama cikin Yuni. A 2024 ya kama ran 11 ga Maris, a 2025 kuwa ran 1 ga Maris, Babbar Salla ta zo ran 6 ga Yuni, daidai sa'ad da idon manomi ke sama yana duban hadari. Haka zai yi ta ja da baya, sai bayan shekara 33 ya kewayo inda ya tashi. Ashe ke nan malamin da ya ce, "Ai bara a mako kaza na zango na biyu muka gama raba dogon lissafi, bana ma haka za mu yi," ya gina ɗakinsa a bakin gulbi. Bara yaran suna karin kumallo a makon nan, bana bakinsu a rufe ya ke, ga zafin rana, ga waɗansu sun kwana tashe. Har wa yau kuma ranar ba ta tabbata sai an ji sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato cewa an ga wata, ba wanda ya isa ya rubuta ta da tawada tun da wuri.

Ta uku ita ce ta gona, ita ce kuwa 'yan makaranta irinmu suka fi rainawa, don ba a rataye ta a bango. Manomanmu suna da nasu watanni, su na ke nufi da su ke cewa watan bakwai maƙarar rani, ko ba ruwa da alama. Watan bakwai ɗin nan ba Yuli ba ne, ba kuma Rajab ba ne, na manoma ne, wanda ke zuwa ƙarshen bazara. Malamanmu na zaure kuwa suna ƙidaya shekara da taurari 28, ko wane kwana 13, in banda Jabha mai kwana 14. Ku buga lissafin ku gani: 28 sau 13, 364 ke nan, a ƙara kwanan nan ɗaya na Jabha, ya zama 365, daidai wa daida da shekarar rana. Sun raba su bakwai bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Surayya, wadda mu ke kira Kaza da 'Ya'yanta, tana cikin na bazara. Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha su ne a ke ambata in ana zancen ruwa. Wannan ƙidaya ba ta ja da baya kamar ta wata, shi ya sa manomi ya dogara da ita. In ruwan shuka ya sauka da dare, gobe ajinka rabi ne, ko ka yi fushi ko kada ka yi. Bayan shuka ga noman farko, ga maimai, duk cikin zango na uku. In aka dawo hutu cikin Satumba kuma sai a iske gero ya nuna, daga nan wake da gyaɗa, sa'an nan dawa. Da rani masu fadama a bakin Bunsuru da Rima ba su zauna ba, ga albasa ga ban ruwa. Uba ba ƙin makaranta ya ke yi ba sa'ad da ya riƙe ɗansa ran shuka, laimar ƙasa ce ba ta jiran a tashi daga aji.

Ta huɗu ta kasuwa ce. Shinkafi tana ci ran Alhamis, ko da ya ke kuwa ta faɗa Jihar Zamfara tun 1996, ba ta matsa daga inda ta ke ba, mutanen ƙasar Isa ba su bar cin ta ba. Goronyo tana ci ran Lahadi. Ko wane gari kuma yana da tasa ranar, in ta zo, yaro mai kora jaki da yarinya mai talla sun san inda za su kwana da tunani.

To, ku ɗauko dayarin nan da a ke bugawa a sayar a kanti, mai bango mai kyau da zare a tsaka, ku duba. Ƙidaya ta farko kaɗai za ku gani a ciki, in an kyauta a liƙa ta biyu da ƙananan baƙaƙe. Ba ruwansa da Jabha, ba ruwansa da Alhamis ta Shinkafi. Ba laifinsa ba ne. Wani mai sayar da takardu a Landan, John Letts, shi ya fara buga irinsa don sayarwa a 1812, domin 'yan kasuwar birninsa, su kuwa ya yi musu daidai. Riga ce da aka ɗinka da awon wani. Mu sai mu karɓi dabarar, mu yanka da awonmu.

Kada kuma wani ya ce mini rubuta kwanaki al'adar Turawa ce. Malaman tarihi sun ruwaito cewa an kawo wa Sayyidina Umar wata takardar bashi da aka rubuta za a biya cikin Sha'aban, sai ya tambaya wane Sha'aban a ke nufi, na bara, ko na bana, ko na baɗi? Irin wannan ruɗu ne ya sa aka kafa ƙidayar Hijira a zamaninsa, aka faro ta daga shekarar da ta yi daidai da 622. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bi yinin Musulmi a cikin Bidayatul Hidaya tun daga farkawa har kwanciya, ya ba ko wane lokaci aikinsa. Kusa da gida kuma, kangon Alƙalawa yana nan ƙasar Sabon Birni, in mun ce birnin ya faɗi a 1808 ba daga bakin maroƙa kaɗai muka samo ba, malaman Sakkwato ne suka rubuta abin da ya gudana a zamaninsu. Muhammadu Bello ya gama Infaƙul Maisuri a 1812, shekarar nan da Letts ya fito da dayarinsa. Harshenmu ma kansa shaida ne. Muna da gobe, da jibi, da gata, da citta, ko wace rana da sunanta guda, alhali Bature in ya wuce gobe sai ya haɗa kalmomi. Mutanen da suka raɗa wa kwana huɗu masu zuwa suna ba za a ce ba su duban gaba ba.

Yanzu ga yadda na ke ganin ya kamata a zana shi. Littafin rubutu irin na yara ya isa, da rula, da fensir, da alƙalami. A shafi biyu na farko masu duban juna a jera watannin boko goma sha biyu daga sama zuwa ƙasa, a faro da Satumba. Gaban ko wane a ja gida uku: na watan Musulunci da a ke tsammani, na aikin gona, na makaranta. Gidan gona kada ka cika shi da kanka. Ka sami dattijon manomi a garin da aka kai ka, da malamin da ya san taurari, ka durƙusa ka gaishe su, ka tambaya. Za ka sami abin da ka zo nema, za ka kuma sami abin da ba ka zo nema ba, gama dattijon da malamin boko ya zo gare shi neman sani ba ya manta da wannan malami ran da a ke gardamar sa yara makaranta.

In shafin nan ya cika, sai ka zauna ka yi lissafin da kowa ke gudu. Mu ce zango mako 13 ne a takarda, kwana 65 ke nan na makaranta. Makon farko yara suna shigowa ɗai-ɗai, ana shara ana rajista, cire 5. Mako biyu na ƙarshe na bita ne da jarrabawa, cire 10, saura 50. In Salla ta faɗo ciki, kome yawan kwanakin da hukuma ta bayar, ka san yara ba su dawowa sai sun gama yawon Salla, cire 5, saura 45, watau mako 9. Ko wane mako kuwa da ranar kasuwarsa, cire 9. Ka ga kwana 65 sun koma 36, ba mu ko taɓa ranar shuka ba, ba mu taɓa zazzaɓin damina ba. Wanda ya raba aikin zango a kan kwana 65, ƙarshen zango za ka same shi yana gudu da yara kamar mai kora awaki gaban hadari, ana rubutu a allo ana gogewa, ba wanda ya gane kome. Wanda ya raba a kan 36 kuwa ya san tun farko abin da zai tsaya a kansa da abin da zai taɓa ya wuce. Ba cewa na ke yi a sallama wa kasuwa yara ba. A yi ta jan hankalin iyaye, a yi ta kai kuka ga mai gari. Amma kafin a ci wannan nasara, sabon darasi mai wuya kada a ajiye shi ran kasuwa, a bar wa ranar bita da karatu da babbar murya, don waɗanda suka zo su ƙaru, waɗanda ba su zo ba kuma kada igiya ta tsinke musu.

Daga nan ko wane mako a ba shi shafi biyu. A na hagu a jera kwana bakwai, ko wane da kwanan watansa biyu, na boko da na Hijira. Ni na fi son a faro da Asabar, yadda makarantar allo ke faro makonta, a ƙare da Juma'a. Amfaninsa, Asabar da Lahadi su zo a sama, mutum ya gan su kwanakin shiri ne na abin da ke tafe, ba ragowar makon da ya wuce ba. Yinin kuma kada a yanka shi sa'a sa'a. A yanka shi da salla: bayan asuba, lokacin makaranta, bayan azahar, bayan la'asar, bayan lisha. Agogo yana da amfani a aji, amma a gari in ka ce wa uban yaro ya zo ƙarfe huɗu da rabi, sai ya ce to, ya zo sa'ad da ya zo. In ka ce masa bayan an sallame la'asar, kun yi magana ɗaya, ladan kuma shi zai tuna muku ku biyu. Sai dai a lura da abu guda. A ƙidayarmu dare ke gaba da yini, in liman ya ce maka a zo daren Juma'a, daren da Alhamis ta wuce ya ke nufi, a littafinka sai ka sa shi gidan bayan lisha na Alhamis. Mutane da yawa sun sha kunya a kan wannan, sun iso da babbar riga bayan an watse da kwana ɗaya.

Abin da za a rubuta a gidajen nan, makarantar allo ta riga ta koya mana awonsa. Alkur'ani izu 60 ne, ko wane izu sumuni 8, 480 ke nan. Ba almajirin da ya taɓa tashi da safe ya ce yau zai haddace Alkur'ani. Abin da allonsa zai ɗauka shi a ke rubuta masa, ba ya kuwa wanke shi sai ya biya wa malam. Haka littafin nan. Kada ka rubuta, "In gyara Lissafin aji huɗu," wannan buri ne, ba ya shiga allo. Rubuta, "Bayan la'asar, in duba littattafai 20 na aji huɗu." Wannan kafin magariba ka san ko ka yi ko ba ka yi ba. In ka yi ka ja masa layi, in ba ka yi ba ka sake rubuta shi da hannunka a gidan gobe. In ka ga ka kwafe abu ɗaya sau uku, tsaya ka tambayi kanka, ko dai ya fi ƙarfin zama ɗaya ne, a raba shi, ko kuwa tun asali ba ka da niyyar yinsa, a soke shi a huta. Bayan aikin aji kada a ɗora wa yini fiye da abu uku. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle goma.

Shafin dama shi ne wanda na fi ba muhimmanci, shi ne kuwa dayarin kanti ba shi da shi. Nan za a rubuta inda ko wane aji ya tsaya a ko wane darasi, da abin da yara suka kasa ganewa, da wanda bai zo ba da dalilinsa, da alkawarin da ka ɗauka wa wani, da bashin da ka ci ko ka bayar, da zubin adashi. Layi biyar ko shida a rana sun isa. Ƙa'idata a nan ɗaya ce: abin da ya wuce a rubuta shi da tawada, abin da ke gaba da fensir. Ran Juma'a bayan an sauko, ko da la'asar, a zauna a karanta makon da ya ƙare, a zana mai zuwa. Ba zai ci rabin sa'a ba.

Na san abin da waɗansu za su ce, don na ji shi a ɗakin kwana. Na farko zai ce gobe ta Allah ce, mai rubuta abin da zai yi citta yana shiga abin da ba nasa ba. Gobe ta Allah ce, haƙiƙa, yau ma tasa ce. Amma abin da aka hore mu da shi cikin Suratul Kahfi shi ne mu haɗa niyyar gobe da in Allah ya so, ba a ce mu bar niyyar ba. Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shirin shekara goma sha huɗu ya yi wa Masar, bakwai na tari, bakwai na ci, ya ce a bar hatsin cikin zangarniyarsa. Wane manomi ne a Gobir, kome tsananin da a ke ciki, zai daka irin shukarsa ya sha fura ya ce ya yi tawakkali? Fensirin nan da na ce a rubuta gaba da shi, ai shi ne in Allah ya so na mai rubutu.

Na biyu zai ce kansa ya ishe shi, wanda ya riƙe izu sittin ba zai kasa riƙe aikin mako ba. Allah ya ƙara basira. Amma hadda tana zama ne don ana tilawarta dare da rana, ba ta kuwa sakewa. Wa ke tilawar cewa ya yi wa uban wane alkawarin zuwa ran Talata? Ayar da ta fi ko wace tsawo cikin Alkur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ta kuwa sauka ne ga mutanen da sun fi mu ƙarfin hadda nesa.

Na uku shi ne mai hujja mai nauyi, ba zan kuwa yi kamar ba ta da shi ba. Zai ce, malami a ƙauye ba na kansa ba ne. Kana zaune da littattafan yara za a yi sallama, a ce a karanta wasiƙa, ko a cika takarda, ko an yi rasuwa, ko gobe suna. Za ka ce wa baƙo ya koma don ba ya cikin littafinka? Wanda ya yi haka, kafin wata uku gari ya san shi, yaransa ma su ragu. Wannan wahala ba mu kaɗai ta dama ba. Benjamin Franklin na Amurka, wanda ya rasu a 1790, ya zana wa kansa ɗan littafi mai gida bakwai na kwanakin mako, ya kuma raba yininsa tun daga ƙarfe biyar na asuba, duk da haka ya faɗa cikin labarin rayuwarsa cewa tsari ne ya fi ba shi wuya, don mai hulɗa da jama'a dole ya karɓe su lokacin da su suka ga dama. In haka ta sami mutumin da ke ƙasar da a ke aiko da takarda kafin a zo, ina ga mu? Maganinta a wurina biyu ne. Aikin da ke son natsuwa, kamar shirya darasi, a ajiye shi bayan asuba, gama da sanyin safiya a ke kama fara, ba kuma mai zuwa hira a lokacin. Sa'an nan ko wace rana a bar gida ɗaya fari fat, ba a rubuta kome a ciki ba. Gidan nan na jama'a ne. In sun zo sun iske wurinsu, in ba su zo ba ka ci riba.

Akwai kuma masu cewa wayar hannu ta ɗauke duk wannan, tana da kalanda, tana ma yin ƙara ta tuna maka. Gaskiya ne, wanda ya ga ta yi masa ya haɗa da ita. Amma waya tana son wuta, wuta kuwa a ƙauyukanmu kun san labarinta. Ta kan faɗa ruwa, ta kan ɓata, a kan sace ta. Cikin Satumba 2021 hukuma ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Isa da Sabon Birni, wanda duk ya saba sai an aiko masa da saƙo ya san abin da ke tafe ya zauna cikin duhu. Takarda ba ta neman caji.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami. A ƙasarmu shiri yana rushewa, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. A 2020 annoba ta sa aka rufe makarantu cikin Maris, galibin yara ba su koma ba sai wajen Oktoba. A shekarun da suka biyo baya rashin zaman lafiya ya tashi ƙauyuka a gabashin Sakkwato, iyaye suka kwashi 'ya'yansu zuwa manyan garuruwa, waɗansu har suka ƙetara Nijar. Wani zai ce, to ina amfanin shiri a inda ba ka san ko za a buɗe makaranta jibi ba? Ni kuwa a nan ne na ga amfaninsa ya fi girma. Ran da aka koma, bayan wata ɗaya ko wata shida, malamin da ba shi da littafi zai tsaya gaban aji ya ce, "Ina muka tsaya?" Yara arba'in su ba shi amsa arba'in, masu wayo su faɗi wurin da ya fi sauƙi. Sai ya koma farkon littafi don ya huta da gardama, shekara ta ƙare ba a wuce inda aka wuce bara ba. Haka yaro zai yi shekara shida a makaranta ya fita bai iya karanta wasiƙar ubansa ba, uban kuwa ya ce ai dama ya faɗa. Mai littafi zai buɗe shafin dama ya ga ran kaza aka tsaya a wuri kaza, yara bakwai ba su gane aro a cikin ɗebewa ba, ga sunayensu, wance kuma tun mako biyu kafin rufewa ba ta zuwa. Ya san ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa. In kuma an ɗauke shi an kai wani gari, wanda ya gaje shi ba zai fara daga kango ba, sai ya kwafe masa shafukan aji ya bar masa, ya tafi da na bashinsa.

Roƙona ga malamanmu, Allah ya ƙara muku girma, shi ne sa'ad da a ke tura mu gwajin koyarwa, a sa ko wane ɗalibi ya riƙe irin wannan littafi, mai duba mu kuma ya riƙa buɗe shi sau ɗaya a mako. Kada a ba shi maki, gama ran da aka fara ba shi maki za mu fara ƙawata shi da jan tawada daren da za a duba, ya tashi daga namu ya koma na mai dubawa. A dai tambaye mu, me ya sa abu kaza ya kwana uku ana kwafe shi?

Ku kuma 'yan'uwana, ba a fafe gora ranar tafiya. In an ba da hutun nan, ko wannenmu ya je wa malamin taurari na garinsu da wani dattijon manomi, ya rubuto lokacin da su ke sa ran ruwan shuka, da na noman farko, da na girbin gero da dawa, da ranakun kasuwannin da ke kewaye da su. In mun dawo mu baje su a tebur ɗaya mu gwada, don ruwan da ke sauka Zazzau ba ranar ya ke sauka Gobir ba, ba kuwa wanda ya san inda takardarsa za ta jefa shi. Na Isa da Sabon Birni ni zan kawo, in Allah ya so.